Me ya sa ƙwayoyin huhun da nake reno suka ƙi fitar da gashi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce mai digiri na biyu a Abuja, ina renon ƙwayoyin shimfiɗar bututun numfashi na ɗan Adam a kofunan Transwell, masu rariya a gindi. Yau kwana 28 da na janye ruwan da ke samansu. Sun cika fili, mitar TEER, wadda ke auna haɗuwarsu da lantarki, ta nuna sun liƙe sosai, amma babu gashi mai kaɗawa ko ɗaya, babu majina. Dashe na biyar ne, wato sau biyar ke nan ana ɗaga su daga faranti ana sake shuka su a wani, ruwan renon kuma ni na haɗa shi wata uku da suka wuce. Wani lokaci nakan tarar da ɗan ruwa ya tsattsafo samansu, sai in bar shi don kada su bushe. Ƙawata ta ɗiba daga kwalbar da na ɗiba, ta yi aiki da dashe na biyu da ruwan kamfani, nata sun yi gashi cikin mako uku. Hannuna ne ko ƙwayoyin ne?

Amsa: Barka kadai, ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, hannunki lafiya lau. Kin ma riga kin lissafo masu laifin da bakinki, su uku ne: ruwan da kike bari a sama, ruwan renon da ya kwana wata uku, da dashe na biyar. Amma in na tsaya nan, gobe wata matsalar ta taso sai kin sake nemana. Bari in ba ki yadda nake kallon lamarin gaba ɗaya, don da shi nake warware kusan duk abin da ya taso mini a nan Jos.

Abin da kika zuba a kofin nan ƙwayoyin tushe ne, waɗanda a jiki suke kwance a gindin shimfiɗar bututun numfashi, ana gane su da alamomin p63 da keratin 5. Su ne iri. Sauran duk daga gare su suke fitowa: masu gashi, da kowace ɗaya take ɗauke da gashi wajen 200 tana share ƙura da majina zuwa maƙogwaro, masu yin majinar, masu fitar da ruwan kariya, har da wasu 'yan tsiraru masu sarrafa gishiri da sai a 2018 aka gano su. A jikin mai lafiya ƙwayar tushe zaune take abinta, ba ta cika rabuwa ba. Sai an yi ɓarna, mura ta kwashe na sama ko hayaƙi ya ƙona su, sannan ta tashi. Aikinta kuma bi da bi ne. Da farko ta baje, ta rarrafa, ta hayayyafa, ta rufe wurin da ya buɗe. Sai wurin ya rufu, maƙwabta sun matse ta ta ko'ina, iska ta dawo bisa kanta, sannan 'ya'yanta su miƙe tsaye, kowa ya kama sana'arsa.

To, ranar da aka narkar da naman da ke riƙe da ita aka zuba ta a faranti, a wajenta rauni ne aka yi wanda ba ta taɓa ganin irinsa ba. Duk wahalar da muke sha ta mako huɗun nan, lallashinta muke yi ta yarda ciwo ya warke. Ita kuwa ba ta karanta takardar da kike bi. Abin da take ji shi ne me ke samanta, me ke ƙarƙashinta, me ke cikin ruwan da take sha, su waye a gefenta. In ɗaya daga cikinsu ya ce mata har yanzu da sauran rauni, sai ta ci gaba da aikin rufewa. In kuma ta ga wurin ya yi tsanani ba ranar sauƙi, sai ta yi abin da tafin hannun manomi yake yi: ta yi kanta. Ta jera ƙwayoyi falle-falle, wasu kan wasu, masu tauri kamar fata. Ina kyautata zaton abin da ke cikin kofunanki ke nan.

Mu fara da iska, don ita ce babba. Hanyar da kike bi, wadda ake taƙaita sunanta da ALI, wato mahaɗar iska da ruwa, ta samu gindin zama ne tun ƙarshen shekarun 1980. Dabarar ba ta da wuya: ƙwayoyi a kan rariya mai ƙofofi 0.4 na maikiromita, abinci ta ƙasa kamar yadda jini yake ba su a jiki, sama kuma a bar ta a buɗe. Yanzu mu yi lissafin ruwan da kike jin tausayin zuƙewa. Ƙaramin kofin nan mai faɗin milimita 6.5, filinsa sulusin murabba'in santimita ne. In maikirolita 100 ta kwanta a kansa, zurfinta ya kai milimita 3. Ruwan da gashin yake iyo a cikinsa a ainihin bututun numfashi kuwa bai wuce maikiromita 7 zuwa 10 ba. Kin ga kin nutsar da su a abin da ya ninka nasu sau 300. Iskar oksijin tana ratsa ruwa ne da nawa, kusan sau 10,000 ƙasa da yadda take ratsa iska, ga ƙwayoyi cunkushe kowa na shaƙa. Na ƙasa sai su shiga ƙarancin iska alhali inkubeta cike take da ita. A 2014 wasu masu bincike a Jami'ar Miyami ta Amurka suka nuna cewa nutsewa da ƙarancin oksijin duka suna hana fitowar masu gashi, kuma ta hanyar saƙon Notch suke yin haka. Da suka toshe Notch da magani, gashi ya fito ko a ƙarƙashin ruwa.

Notch ɗin nan saƙo ne da ƙwaya take miƙa wa wadda take jingine da ita. Wadda ta karɓi saƙon da ƙarfi takan bi layin masu fitar da ruwa da majina, wadda ta tsira daga gare shi takan kunna FOXJ1, ƙwayar gadon da ke sa a yi gashi, ta tafi layin masu gashi. Shi ya sa in aka ɗiga DAPT, maganin da ke toshe Notch, a ruwan reno sai fili ya cika da gashi. Kada dai ki yi saurin sayo shi. Zai ba ki hoto mai kyau, amma shimfiɗar da za ki samu ba irin ta mutum ba ce, kuma ya rufe miki asalin matsalar.

Saboda haka a makon farko bayan janye ruwa, kullum ki leƙa. Duk abin da ya tsattsafo ki zuƙe shi a hankali ta gefen kofi, kada bakin fifet ya taɓa rariya. Ba za su bushe ba, su da kansu suke daidaita laimar samansu da zarar sun liƙe. In an wuce mako guda ruwa bai daina hawowa ba, ruwa ba ya tsami banza: ko dai kin janye kafin su haɗe baki, ko akwai rami a gefe, ko kin cika na ƙasa har yana turowa. Yawan da aka shuka ma yana da hannu a nan. Akan zuba tsakanin 100,000 zuwa 250,000 a kowane murabba'in santimita, a kan rariyar da aka shafe da kolajin. In kika yi rowar iri, sai sun yi ta rabuwa kafin su cika fili, su iso ranar janye ruwa a gajiye.

Na biyu, tsohon ruwan renon, musamman bitamin A da ke cikinsa, kuma nan ne zargina ya fi ƙarfi. Tun 1925 Wolbach da Howe a Boston suka hana ɓeraye bitamin A, suka ga shimfiɗar bututun numfashinsu ta rikiɗe ta koma mai tauri irin ta fata. Wannan ne ma ɗaya daga dalilan da suka sa yaron da ke da ƙarancinsa yake shan wuya in ƙyanda ta kama shi, kuma shi ya sa ake ɗiga wa yara ƙwayar nan shuɗiya ko ja a wajen rigakafi. A faranti, abin da muke ba su shi ne asid ɗin retinoyik, ɗan kaɗan ƙwarai, wajen nanomola 50. Aikin da Gray da abokansa suka wallafa a 1996 shi ya tabbatar wa kowa cewa ƙwayoyin ɗan Adam da aka yi wa dashe ba sa komawa masu gashi da majina in babu shi. Matsalarsa ita ce ba shi da juriya ko kaɗan. Haske na lalata shi, iska na lalata shi, narkewa da daskarewa na lalata shi. Kwalbar da ta yi wata uku a firji, ana fito da ita ana ɗumamawa duk bayan kwana biyu ƙarƙashin fitila, sunan retinoyik ne kawai ya rage a jikin takardarta.

Na san haka ne don ya ci ni. A wani ɗakin gwaji da na yi aiki shekarun baya, na raba nawa a 'yan kwalabe masu haske, na jera su a ƙofar firiza. Wutar lantarki tana zuwa tana tafiya, janareta wani lokaci sai an jima kafin a tayar, ƙofar firiza kuma ita ce take fara saki. Ban kawo komai a raina ba tunda da safe nakan tarar da su a daskare. Zagaye biyu na yi, mako shida-shida, ina samun shimfiɗa mai sheƙi, busasshiya, mai ɗan fari-fari, mitar TEER tana ba ni lambobi masu daɗin gani. Na zargi ƙwayoyin, na zargi kolajin, har na fara zargin ruwan da muke tacewa. Sai da wata babbar ma'aikaciyar ɗakin ta ɗaga kwalbar ta duba ta a hasken taga, ta ce, "Dokta, wannan ai ya kamata a ce a naɗe yake." Na sayo sabo, na raba shi a duhu, na naɗe kowace kwalba da takardar alminiyom, na tura su can ƙuryar firiza, na koma ɗigawa a ruwan da zan yi amfani da shi a makon kawai. Ran kwana na 16 na sa kofi a maikiroskof, sai na ga wani ɗan wuri a gefe yana ƙyalli yana rawa, kamar yadda zafi yake tashi a kan kwalta da tsakar rana. Bayan mako guda rawar ta game fili, kamar iska ta bi ta kan gonar acca. Majinar da ke sama kuma, da tarkacen matattun ƙwayoyi a cikinta, ta kama juyawa a hankali tana zagaye kofin kamar 'yar guguwa. Na kira duk wanda ke kusa ya zo ya gani, har da mai shara.

Tunda maganar ruwa muke, akwai tambayar da ba ki amsa ba: ruwan da kika hayayyafa su da shi, shi kika ci gaba da ba su bayan janye na sama? In haka ne, ga laifi na huɗu. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ki duba haɗin da ɗakin gwajin Jami'ar Arewacin Karolina ya yi suna da shi. A ruwan hayayyafa sinadarin EGF nanogiram 25 ne a kowace mililita, a ruwan balaga kuwa 0.5, an rage shi sau 50. Kalsiyam kuma akasin haka, daga milimola 0.11 ya hau zuwa 1. EGF shi ne muryar da ke cewa akwai rauni, ku rabu, ku rarrafa. Kalsiyam shi ke ba ƙwayoyi damar riƙe juna gam su san sama da ƙasa. Ruwan jinin ɗan maraƙi, wato siram, da muka saba zubawa kashi 10 cikin 100 ga kusan kowace ƙwaya, ga waɗannan masifa ne, domin sinadarin TGF-beta da ke cikinsa yana tsayar da rabuwarsu ya tura su layin fata. Don gudun haka ne Lechner da LaVeck suka haɗa ruwan reno marar siram tun shekarun 1980. Ko siram ɗin da kika kashe tirifsin da shi ranar dashe, ki wanke shi tas (tirifsin shi ne sinadarin da ke ɓanɓaro ƙwayoyi daga faranti).

Ruwan kamfani irin PneumaCult da ƙawarki ta yi amfani da shi yana aiki, yakan ba da shimfiɗa mai kauri da gashi da yawa, ba na musu. Abin da ba na so da shi biyu ne: tsada, da kuma cewa ba a bayyana abin da ke ciki ba. Ƙwayoyin mutum ɗaya, in aka raba su a ruwa iri biyu, sukan fito da kason masu gashi da masu majina daban, da yadda suke tura gishiri daban. Don haka ko naki sun gyaru, kada ki haɗa sakamakonki da nata a jadawali ɗaya kamar abu guda ne.

Dashe na biyar kuwa, a ruwan gargajiya, ya yi nisa. Yadda na saba, na ɗaya zuwa na uku su ne na aiki. Daga nan ƙwayoyin sukan yi faɗi, su yi kasala, masu gashi su ne suke fara ɓacewa. Kuma lambar dashe ba ta faɗin gaskiya duka. Wadda take raba faranti ɗaya zuwa goma ta tsufar da nata fiye da mai raba ɗaya zuwa uku, ko da lambarsu ɗaya. Haka wadda take bari su cushe a falas kafin ta ɗaga su, ta riga ta sa sun fara yin kanta tun ba su ga rariya ba. A ɗaga su suna kashi 70 zuwa 80 na fili. Akwai hanyoyin tsawaita ƙuruciyarsu. A 2012 aka fito da ta Jami'ar Jojtawun, inda ake renon su a kan ƙwayoyin ɓera na 3T3-J2 da aka hana rabuwa, tare da maganin Y-27632. A 2016 aka zo da wata, mai toshe saƙon TGF-beta da na BMP a lokaci guda. Duka suna aiki, da sharaɗin a cire magungunan kafin a nemi balaga, domin aikinsu shi ne hana ƙwayar kama sana'a. Kuma ba sa mayar da tsohuwa yarinya: tun daga dashen farko ake farawa da su.

Game da TEER, kada lambar ta ruɗe ki. Abin da take aunawa kawai shi ne wuyar da lantarki yake sha kafin ya ratsa shimfiɗar. Bango marar ƙofa ai ya fi kowane gida wuyar shiga. A reno mai kyau sau da yawa lambar takan hau da wuri, sannan ta ɗan sauko ta zauna a 'yan ɗaruruwa yayin da ƙofofin gishiri suke buɗewa. Tana kuma canzawa da zafin ruwan, don haka wadda aka auna da fitowa daga inkubeta da wadda aka auna bayan faranti ya huce ba ɗaya ba ne. In kina sa amfoterisin don maganin fumfuna, shi ma yana huda fatar ƙwaya ya taɓa lissafin.

Akwai abubuwan da takardun Turai da Amurka ba za su gaya miki ba, don ba su dame su ba. Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, nauyin iska a nan wajen milimita 660 ne na ma'aunin zaiba, a gaɓar teku kuwa 760. Kashi 5 cikin 100 na CO2 a can ya kai milimita 38, a nan 33 ne. Ruwan da aka haɗa don Legas ko Landan, a inkubetarmu yakan ɗan karkata zuwa kanwa, shi ya sa ba na yarda da lambar da ke jikin ƙofa, nakan auna pH ɗin ruwan da kansa. Ke a Abuja ba ki kai rabin tsayinmu ba, wannan ba zai dame ki sosai ba. Wanda ya haɗa mu shi ne hunturu. A Disamba da Janairu, kowace buɗe ƙofa tana kwashe laimar ciki, tiren ruwan da ke ƙasa yana ƙafewa da wuri, ramukan gefen faranti su fara yin gishiri-gishiri. Ƙwayar da ke nutse tana iya jure wannan, wadda samanta yake buɗe ba ta iyawa. Ki cika ramukan da babu kofi da ruwa mai tsabta, ki riƙa duba tire. Sai wuta da tukunyar gas. In kika zo da safe kika ga ruwan ya tashi daga ja ya koma shunayya, gas ya ƙare cikin dare ko wuta ta ɗauke. In ya koma ruwan ɗorawa, ko sun yi yunwa ko wani abu ya shiga. Ki rubuta ranar a littafinki. Dare ɗaya irin wannan a makon farko yana iya bayyana a mako na huɗu, lokacin da kin riga kin manta.

Juyin ba ta gefen fata kaɗai yake zuwa ba. In aka sa IL-13, wani sinadarin kumburi, nanogiram 10 a mililita, na mako ɗaya ko biyu, ƙwayoyin nan dai sai su cika da masu majina, furotin ɗin majina na MUC5AC ya hau, gashi ya ragu, kofi ya koma kamar bututun mai asma. Masu nazarin asma da gangan suke yin haka. Mu kuma wani lokaci mukan jawo makamancinsa ba da niyya ba, in majina ta taru ba a wanke ba ko ƙwayar cutar maikofilasma ta shiga ruwan. Da zarar majina ta fara fitowa, a wanke sama da ruwan gishiri mai ɗumi sau ɗaya ko biyu a mako, a zuƙe shi tas.

In wata rana kika gangara can ƙasan huhu, zuwa jakunkunan iska, za ki tarar da wannan hali ta wata fuska, kuma a can abin da ke ƙarƙashin ƙwayar ne yake da babbar murya. Nau'i biyu ne a wurin. Na ɗaya shimfiɗaɗɗu ne, sirara ƙwarai, sun rufe kusan kashi 95 cikin 100 na fili, ta jikinsu iska take shiga jini. Na biyu dunƙulallu ne, su ke yin sinadarin nan mai santsi da ke hana jaka manne wa kanta in an fitar da numfashi, su ne kuma iri a wurin. Ki ɗora nau'i na biyu a kan robar faranti, cikin kwana uku zuwa bakwai za su baje, su daina yin sinadarin, su fara kama da nau'i na ɗaya. Roba ta fi naman huhu tauri kusan sau miliyan, ƙwayar kuma tana jin taurin: in ta miƙe a kansa, furotin ɗin YAP yana shiga cibiyarta ya juya ta. Ki sa ta cikin abu mai laushi irin Matrigel, ki ba ta sinadarin girma na KGF, sai ta zauna a dunƙulenta, har ta gina 'yar ƙwallo mai rami a tsakiya. Maganin deksametazon tare da sinadarin cAMP yana ƙara mata yin abin nan mai santsi. Wannan ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya yi aiki a ɗakin haihuwa, domin shi ne dalilin allurar da ake yi wa mai naƙudar bakwaini don huhun jaririn ya nuna, abin da Liggins ya fara lura da shi a tumaki a Niyuzilan, shi da Howie suka gwada a mata a 1972.

Wataƙila wani zai ce miki ki huta, ki koma ƙwayoyin da ba sa tsufa a faranti irin A549 ko BEAS-2B, ba sa ba da wahala. Gaskiya ne ba sa ba da wahala. A549 daga kansar huhun wani mutum aka samo ta a 1972, ba ta liƙewa da kyau, ba ta gashi. BEAS-2B ma ba za ta ba ki shimfiɗa mai gashi da majina ba ko ta shekara a iska. Calu-3 tana liƙewa tana majina, nan ta tsaya. In tambayarki ta shafi abin da ƙura ko hayaƙin itace ko ƙwayar cuta take yi wa sharar bututun numfashi, dole sai mai gashi. Ƙwayar mura ta rhinovirus C ta ƙi tsiro a ƙwayoyin da aka saba, domin ƙofar shigarta, CDHR3, a jikin masu gashi take. A farkon 2020 ma, a irin wannan reno na ALI masu bincike a Sin suka fara tsirar da ƙwayar korona daga majinyatan Wuhan.

Yanzu abin da za ki yi. Kofunan nan na kwana 28 kada ki zubar, kada kuma ki ƙara musu wani mako kina fata. Gani ya kori ji: ki ɗauki biyu ki kafe su da fomalin, ki yanko rariyar, ki kai ɗakin yankan nama na kowane asibitin koyarwa, a saka a kakin a yanka ta a tsaye, a yi rinin H da E, a ƙara da Alcian blue da PAS don majina. Kuɗinsa bai kai na kwalbar antibodi ɗaya ba. In kika ga ƙwayoyi dogaye a tsaye, cibiyoyinsu hawa-hawa, to suna kan hanya, jinkiri ne kawai. In kika ga falle-falle an jera kamar ganyen albasa, na sama sun fi sirantaka, kanta ce, kuma magana ta koma kan retinoyik da siram. In layi ɗaya ne siriri mai manyan ƙwayoyi jefi-jefi, tsufa ne, dashen ne ya ci su.

Sannan ki roƙi ƙawarki kwalba ɗaya ta dashe na biyu da ɗan ruwanta. Ki shuka faranti guda rana guda, ki raba shi huɗu: naki ƙwayoyin a ruwanki da sabon retinoyik, naki a ruwanta, nata a ruwanki, nata a ruwanta, kowanne kofi uku, sama a bushe duka. Mako uku zai nuna miki ko ruwan ne ko ƙwayoyin. In kuma kina tsoron ƙarar da na ɗan Adam wajen koyo, tunda da kuɗin waje ake sayensu, ki je mahauta da asuba da kula mai ƙanƙara, ki karɓi maƙogwaron rago da aka yanka yanzu. A wanke shi, a jiƙa shi a furonas, sinadarin da ke narkar da naman da ke riƙe ƙwayoyi, cikin firji ya kwana, da safe a kankaro shimfiɗar ciki. Na tumaki da na shanu duka suna yin gashi a ALI, kuma tun a ranar farko za ki ga gungun ƙwayoyi suna juyi a ruwa da ƙarfin gashinsu, idonki ya san abin da yake nema. Ki dai ninka maganin ƙwayoyin cuta da na fumfuna a kwanakin farko, ki kuma ware musu wuri daban da na ɗan Adam.

In yankan ya fito, ki turo mini hotonsa a girma 40, tare da ranar da kika narka retinoyik ɗin da ke cikin ruwan nan.